An ce sai an cire nonon, Hajiyar maigidana ta ce daji ba ya son ƙarfe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana. Shekarata 38, 'ya'yana huɗu, a Tudun Jukun nake. Bayan ƙaramar sallah na ji ƙulli kamar gyaɗa a nonon hagu, ba ya ciwo, sai na share. Da ya yi girma na je asibitin koyarwa na Shika, Zariya, aka tsakuri tsokar aka auna. Ranar Talata likita ya ce sankarar mama ce, mataki na 2. Za a fara kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake sawa ta jijiya, daga baya a yi aiki.

Hajiyar maigidana ta ce kada in kuskura, daji ba ya son ƙarfe, ana taɓa shi zai bazu. Har ta aiko da jiƙo da garin shafawa. Shi kuwa ya yi gum. Kwana uku ban runtsa ba. Waɗanda suka bi ta nan, ya kuka yi?

Wata daga Kofar Doka: Ƙanwata, ni aka cire wa na dama a 2018, ga ni ina rubuto miki. Ba zan ɓoye miki ba, kimo da wuya. Duk sati uku ake zuwa, kuma sai an auna jini kafin a sa miki. Akwai wani jan ruwa, har fitsari yake rinawa, kada ki tsorata. Kafin zuwa na biyu na tashi na ga kitsona a kan matashi, na yi kuka har na gode Allah. Ya dawo, har ya fi na da laushi. Ƙamshin miya kuwa a lokacin abokin gaba ne, kunun tsamiya da lemon tsami suka riƙe ni. Nono fa? Tsumma mai laushi nake cusawa a rigar mama, ko a gidan biki babu mai ganewa. Abin da nake nadama kawai wata biyar da na ɓata ina shafe-shafe.

Ma'aikaciyar jinya, Samaru: Maganar ƙarfe ta samo asali ne daga masu zuwa asibiti bayan ciwon ya riga ya bazu, in suka rasu sai a ce aikin ne. Mataki na 2 ana warkewa sosai. Kada ki haɗa jiƙo da kimo ba da sanin likita ba, hanta da ƙoda ke wahala. In kuɗi sun yi kaɗan, ki nemi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin.

Wata daga Sabon Gari: Shirun maigida ba lallai ƙi ba ne, wataƙila tsoro ne. Ki ja shi ya ji da kunnensa daga bakin likita, shi zai iya da mahaifiyarsa. Ke kada ki yi musu da suruka, ki karɓi jiƙon ki yi godiya ki ajiye.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya bar zumunci. Ya yarda zai raka ni Litinin. Anti ta Kofar Doka, zan iya yi miki magana ta gefe?

Ta Kofar Doka: Ko tsakar dare. Ki tafi da ruwa a gora da bargo, zaman na da tsawo.