Me za mu kira "visual identity" da Hausa?

Jama'a, masu zane a kwamfuta da masu fassara, ku matso. Idan gidan tarihi zai baje kolin rayuwar matan Latin Amurka da suka shahara a waƙa da fim, akwai aikin da ake ba mai zane tun kafin a rataye hoto ko ɗaya. Shi zai zaɓi launuka da samfurin haruffa da yadda za a yanka hotuna, don fosta da tikiti da katin gayyata da rubutun jikin bango su dace da juna. Wannan aikin nake nema wa suna.

Wasu sun ce tambari. Bai isa ba, tambari ɗan yanki ne kawai a cikin aikin. Ku dubi Celia Cruz, mawaƙiyar Kuba da ta rasu a 2003. A 2005 gidan tarihin Smithsonian da ke Washington ya baje kolin kayanta, aka sa masa suna da kirarin da take yi a kan dandamali, ¡Azúcar!, wato sukari. Ba da tambari aka san ta ba. An san ta da hular gashi kala-kala, da doguwar rigar Kuba mai tattara, da wannan kalma. A 2024 Amurka ta buga hotonta a tsabar senti 25, babu launi ko ɗigo, amma rigar da kalmar sun isa a gane ta. Ke nan mai cewa "launuka" shi ma bai kamo bakin zaren ba.

Alama kuwa ta yi faɗi da yawa, ciwo ma alama gare shi.

Wata 'yar'uwa ta kawo anko, kuma gaskiya, Hajiya, kin kusa. Daga nesa ake gane 'yan biki ɗaya da ankonsu. Inda na tsaya shi ne anko yana mai da kowa iri ɗaya, wannan kuwa shi ne babban tarkon irin wannan baje koli. Malalacin mai zane zai ɗauko ɗaurin kan mawaƙiya kuma 'yar fim Carmen Miranda mai ayaba da abarba ya lafta wa kowa, ya ce ai Latin ke nan. Alhali ita a Fotugal aka haife ta a 1909, ta tashi a Burazil. Mawaƙiya Selena 'yar Texas ce a Amurka, masoyanta da shigar shunayya da ta yi a Houston a 1995 suke tuna ta. 'Yar fim Rita Moreno daga Puerto Rico ta fito, ta karɓi lambar yabo ta Oscar a 1962. Ina haɗinsu da abarba?

Hukumar gidan waya ta Amurka ta nuna yadda ake yi a 2011, da ta fitar da kan sarki biyar na gwanayen waƙar Latin, uku daga ciki mata: Celia, Carmen da Selena. Mai zane ɗaya ne, Rafael López, hannunsa a fili yake a dukkansu, amma kowace da fuskarta da shigarta.

Saboda haka ni dai na tsaya a kan "tsarin kamanni". Ku gwada shi a baki: "Wa ya yi muku tsarin kamannin baje kolin nan?" Ya zauna. "Haruffan nan sun saɓa wa tsarin kamanninmu." Nan ma ya zauna, kuma yakan faru, don samfurin da ba shi da ñ da ¡ ba zai yi wa Sifaniyanci aiki ba, yadda namu ke tuntuɓe a kan ƙ da ɗ. Anko a bar shi a hirar shagon buga fosta.

Saura "Latina", kalmar da ake kiran irin waɗannan mata da ita a Turanci. "Matan Latin Amurka" da na rubuta a sama ya bar Selena a waje, tunda a Amurka aka haife ta. Ina ganin "mata masu tushen Latin Amurka" ya fi, ko da ya yi tsawo. Mai gajere ya kawo.