Tsakanin C-130J, A400M da C-390, wanne ya fi araha?

Tambaya: 'Yan'uwa, idan ƙasa za ta sayi jirgin dakon kayan soja, yaya za ta auna tsadar waɗannan ukun?

Amsa ta farko: Malam, farashin saye kaɗai ba ya isa ma'auni, domin mai da kayan gyara da horar da matuƙa su ne ke cinye kasafi shekara da shekaru. A 2019 Portugal ta ƙulla cinikin KC-390 (wani samfurin C-390) guda biyar kan Yuro miliyan 827, amma har da na'urar horo da kulawa a ciki.

Amsa ta biyu: A duba lodi kuma. A400M yana ɗaukar tan 37, C-130J kuwa kimanin 20.

Amsa ta uku: Gaskiya ne, sai dai ƙasar da ta daɗe da Hercules, wato jiragen C-130, tana da makanikai da kayan gyara a hannu, sauya jirgi kuwa yana nufin sake komai daga tushe.