Mai lisans a lissafi: in tsaya Yamai in yi mastar ko in nemi waje?

Ɗan Adar:
Salamu alaikum jama'a. Ni ɗan Tawa ne, na ƙare lisans ta matimatik a jami'ar Abdou Moumouni, yanzu ina gida ina koyarwa a wata lakwal mai zaman kanta kahin in ga abin da Allah za ya yi. Raina na ga bincike, ina son mastar har doktora in da hali, amma duk wanda na gaya ma sai ya ce mini binciken lissahi ko fizik a ƙasar ga ɓata lokaci ne, babu kayan labo, babu manyan kwamfutoci, wai in koma anformatik in koyi haɗa sit in samu na cehwane. Kawuna ma cewa yake in jira konkur in shiga aikin gwamnati kowa ya huta. To ku da kunka riga mu, mi kuka gani? Ana iya bincike na gaskiya daga Yamai ko dole sai mutum ya hita? In hita ce, ta wace ƙohwa ake bi ga wanda babu kowa nai a sama?

Malamin Fizik:
Wa alaikumus salam ƙanena. Masu ce maka babu kayan aiki ba ƙarya suke ba, amma sun faɗi rabin magana. Akwai binciken da ba ya yiwuwa a nan ko da za ka shekara kana addu'a, wanda ke son injuna na biliyoyin sefa, wannan ka cire shi daga lissafinka. Akwai kuma wanda mu ne muka fi kowa kusa da shi, sai dai ba mu ɗaukarsa bakin komai saboda kullum muna ganinsa.

Kai da kake Tawa, Malbaza tana jiharku, akwai tashar wutar rana mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, nan Yamai kuma ga ta Gorou Banda mai megawat 30 tun 2023. Pano ɗin nan duka ƙarfin da aka rubuta a bayansu an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma irin na silikon da muke saye yana rasa wajen kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa kan kowane digiri da ya ƙaru. A watan Afrilu da tsakar rana fuskar pano tana iya wuce digiri 60, ka buga da kanka tunda kai mai lissafi ne, za ka ga kusan kashi 15 ya tafi tun ba a zo maganar ƙura ba. Ga hunturu kuma, ƙurar da iska ke kwasowa daga Bodele ta Chadi ta kwanta a kan gilashin. To kwana nawa ya kamata a bari kafin a wanke, a wurin da ruwan wankin ma kuɗi ne, kuma a wane wata? Wannan tambayar lissafi ce tsantsa, ta neman daidaito tsakanin asarar wuta da kuɗin wanki, kuma amsar Jamus ko Sin ba za ta yi mana ba don ƙurarsu ba tamu ba ce. Pano biyu, na'urar awon kuran, da ɗan littafin da za ka riƙa rubutawa kullum ba fashi, an fara memuwar, wato kundin binciken mastar.

Kuma ka tuna wanda jami'ar ke ɗauke da sunansa. Abdou Moumouni Dioffo ɗan Tasawa ne, an haife shi 1929 ya rasu 1991, masanin fizik ne da ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana na ƙasa, tun 1969, a nan Yamai ya yi aikinsa kan zafin rana, murhun rana da tukunyar ɗumama ruwa, lokacin ko intanet babu. Ban ce yau komai ya yi daidai ba, amma ba a kanka aka fara ba.

Yar Harobanda:
Malam ka yi haƙuri in ɗan saɓa maka. Kullum in ɗalibi ya ce yana son lissafi sai mu tura shi ga pano da ruwan sama kamar aljabra da analiz ba bincike ba ne sai in an ga amfaninsu gobe da safe. In ransa na ga lissafi zalla a bar shi, shi ne ma ya fi kowane fanni arha, takarda ce da biro da malamin da ya san hanya. Sababbin maƙalu kuwa kusan duk suna arXiv, shafin intanet da masu bincike ke ajiye maƙalunsu, kyauta.

Ɗan uwa, ni abin da zan ce maka kada ka fara da tambayar Yamai ko waje, fara da wa zai riƙe ka. Ankadarar, wato malamin da ke jagorantar bincikenka, shi ne rabin doktora. Ka duba malaman sashen lissafi na FAST, tsangayar kimiyya ta jami'ar Abdou Moumouni, da na Maraɗi ma tunda jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana da tsangayar kimiyya, ka buga sunan kowane a Google Scholar ka ga wa ke fitar da aiki a 'yan shekarun nan kuma da su wa yake rubutawa. Wanda ke da abokan aiki a Dakar ko Wagadugu ko Faransa shi zai iya nemo maka kotutel, wato doktora ta haɗin gwiwar jami'o'i biyu, ka yi wasu watanni can wasu nan. Sannan ka tambayi ɗalibansa a gefe, yana karanta abin da aka ba shi ko babi ɗaya sai ya yi wata da watanni a tebur, wannan ba za ka gan shi a intanet ba.

Ɗan Adar:
Na gode Malam, na gode yaya. Gaskiya ni ikwasiyon diferansiyel da probabilite sun hi kwanta mini, to kamar ina tsakiyar maganarku. Amma batun hita hwa, akwai inda ake ɗaukar mutum ba tare da ya biya ba?

Tsohon Amfi:
Akwai. AIMS, cibiyar lissafi ta Afirka, an fara ta a Afirka ta Kudu a 2003, ta Senegal tana Mbour tun 2011, akwai kuma Gana da Kamaru da Ruwanda. Mastar ce ta kamar shekara guda, wanda aka ɗauka an ɗauke masa kuɗin karatu da ci da kwana. Sai ICTP, cibiyar fizik ta duniya da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da shirin difloma na shekara ɗaya don 'yan ƙasashe irin namu, daga nan da yawa ke wucewa doktora. Kusa da mu kuma ga IMSP ta Dangbo a Benin, lissafi da fizik ne aikinsu. Ka karanta sharuɗɗan kowace da kyau domin wasu sun fi son wanda ya riga ya yi shekara huɗu, shi ya sa ni shawarata ka yi mastar 1 a gida tukuna, ka samu maki masu kyau da malamai biyu da suka san ka sosai har za su rubuta maka wasiƙar shaida wadda ba ta jeka-na-yi-ka ba.

Abin da ke kayar da yaranmu Ingilishi ne, ba lissafi ba. Mu da muka tashi da Faransanci sai mu riƙa ɗaga shi sai gobe, alhali yawancin maƙalun da shi ake rubuta su. Ka fara yau, ko awa guda bayan isha'i. Kuma masu ce maka ka koyi anformatik ba su yi laifi ba, inda suka kuskure shi ne da suka ce ka bar lissafi. Koyi Python na rubuta kod da LaTeX na tsara rubutun lissafi, mai probabilite da ya iya kod ba ya rasa wurin zama. Maganar babbar kwamfuta kuwa, Google Colab yana ba ka injin da ya ishi aikin mastar kyauta in dai kana da koneksiyon, matsalar sai in kuran ya ɗauke kana tsakiyar aiki, don haka ka saba da ajiye aikinka akai akai.

Malamin Fizik:
Tunda ka ce probabilite to ga wani. AGRHYMET tana nan Yamai tun 1974, ACMAD ma nan take, duk aikinsu yanayi ne da hasashen damina, ka nemi istaj can ko ba biya. Bayanan ruwan sama na CHIRPS, da aka haɗa daga tauraron ɗan adam da tashoshin awo, sun faro daga 1981 kuma kowa na iya saukewa. Yaushe damina ke kamawa da gaske a Adar, kuma mene ne yiwuwar ruwa ya tsaya kwana goma bayan an yi shuka, manomi ya san zafin tambayar nan fiye da mu duka. Turawa sun zo nan a 1992 da shirin binciken ruwa da yanayi na HAPEX-Sahel, suka dawo a 2006 da shirin binciken damina na AMMA suka cika ƙauyen Banizoumbou na gabas da Yamai da na'urori, doktora da yawa sun fito daga bayanan ƙasarmu. Ni abin na ci mini rai in ga yaranmu suna cewa babu abin bincike.

Mai Shayin Fada:
Ni ban kai ku karatu ba amma bari in sa baki ta gefen kawunka. Bincike ba ya ciyar da mutum a shekarun farko, burus in ta samu ma ba kullum take zuwa kan lokaci ba, kuma haya a Yamai ba wasa ba ce. Kada ka saki koyarwar nan sai ka kama wata, in ka dawo Yamai ka nemi awoyi a wata lakwal ko ka riƙa yi wa 'yan terminal C da D darasin gida, malamin lissafi ba ya kwana da yunwa a garin nan. Konkur ɗin ma in ya fito ka ajiye dosiye, ba ya hana mastar.

Yar Harobanda:
Na manta abu ɗaya. In ka kai ga buga maƙala za ka fara samun saƙonni daga mujallun da ke cewa ka biya dala kaza su buga maka cikin mako guda. Ka guje su, ba mai duba aikin, kuma ranar da za ka kai dosiye CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a, don hawa matakin maitre-assistant za a dubi inda ka buga. Ka nuna wa ankadararka sunan mujalla kafin ka tura komai.

Ɗan Adar:
Allah ya saka da alheri, na kwahe duka. Yaya in ba damuwa zan turo miki rilebe na maki ta sirri ki duba mini ko sun isa a nemi AIMS bana ko in bari sai na gama mastar 1.