Giyabos ɗin Kombi na hannu: yaya zan gane lafiyarsa tun yana ƙasa?

Assalamu alaikum, manyan bakanikai. Ina neman shawararku a kan giyabos na hannu da nake son saya, wanda aka ciro daga Volkswagen Kombi ƙirar 1972, samfurin 002 mai haƙarƙari uku a jiki. Babu motar da za a ɗora shi a gwada.

Ga abin da aka duba. An kwance notin tsiyaye mai da makulli mai lamba 17. Man da ya fito bai kai lita biyu ba, alhali lita uku da rabi yake ci, kuma a rana yana ƙyallin ruwan tagulla. Maganaɗisun notin ya kwaso baƙin laka mai laushi, wannan bai dame ni ba, amma a cikinsa akwai ɓarɓashin ƙarfe ɗaya kamar rabin ƙwayar shinkafa. Giya huɗun da ribas duk suna shiga idan ana juya shaf ɗin kuloci da hannu, sai dai shaf ɗin yana ɗan girgiza gefe da gefe.

Inda na maƙale shi ne giya ta huɗu. Irin wannan giyabos kan tofar da ita, wato giyar ta fita da kanta ana cikin tafiya, in boris ɗin babban shaf ya fara yawo a mazauninsa, kuma juyawa da hannu ba ya nuna hakan. Idan aka cire murfin hancin, wato murfin gaban giyabos ɗin, wane irin ci zan nema a cikinsa? Ƙyallin tagullar nan zoben daidaita giya ne ya ƙare? Ɓarɓashin kuma, ya isa a fasa ciniki, ko sai an buɗe giyabos ɗin an ga haƙoran?