Finafinan soyayya ko na masu tashi sama, wanne ya fi dama-dama a bar wa yara?

Maman Sadiq, Jekadafari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, wanda ya san abin ya amsa min tsakani da Allah. Gidanmu rimot ɗaya ne amma kullum bayan isha'i sai an yi rigima a kansa. Ƙanwata da nake riƙo shekararta 17, ita dai a bar ta da Zee World da fassarar Indiya, yarona kuma ɗan shekara 9 tun da babansa ya turo masa Flash, fim ɗin jarumin nan mai tsananin gudu, a waya lokacin hutu shi kenan ba shi da zance sai gudu. Ranar Asabar ina wanke-wanke na ji ihu, ashe tun daga zaure ya kwaso gudu wai zai haye bango kamar yadda ya ga ana yi, ya dawo ya faɗi a kan hannu, sai da muka kai shi wurin mai ɗori, Allah ya taimaka targaɗe ne ba karaya ba. A ranar na ce an gama kallon masu tashi sama a gidan nan. To amma jiya muna tsintar shinkafa ita ƙanwar tawa take ce min wai ai namijin da ba ya kishinki har ya fasa abu ba sonki yake ba. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don na san ba a gidanmu ta ji wannan ba. Yanzu na rasa wanne ne ma ya fi ɓarna. In hana duka ne ko akwai wanda za a iya bari?

Hamma na Tashan Dukku:

Wa alaikumus salam Adda, Allah ya ba yaro lafiya. Ni sana'ata ke nan, tura finafinai a waya da mamori, shekara bakwai ina kai, kuma kusan duk abin da nake turawa sai na kalla don in san me nake ba mutane. Gaskiya shi Flash ɗin ba mugun fim ba ne in aka bi labarin. Yaro ne aka kashe uwarsa yana ƙarami aka ɗaure ubansa a kan laifin da bai yi ba, ya taso ya shiga aikin binciken 'yan sanda duk don ya wanke uban, baiwar gudun ma daga baya ta zo masa. Sizin na farko wallahi har ƙwalla na yi a wurin da yake zuwa gidan yari suna magana da babansa ta bayan gilashi. Akwai biyayya ga iyaye a ciki, akwai riƙon amana, ga uban riƙonsa da ya ɗauke shi tamkar ɗan cikinsa.

Matsalarsa ja. An fara 2014 ba a gama ba sai 2023, sizin 9, efisod 184. Sizin ɗaya bos ɗin mai gudu ne, na biyu wani mai gudun ne, na uku ma haka, kullum dai wani ya fi shi gudu sai ya karaya sai a ba shi baki sai ya ƙara gudu ya ci nasara. Kwastomomina da yawa daga sizin huɗu suke tsayawa, sai su ce Hamma canza min wani. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne Arrow, don duk yaron da ya gama Flash shi yake tambaya tunda labarinsu a haɗe yake, shi kuwa a farkonsa kisa jarumin yake yi da kibiya ba wasa, ban tura wa ƙananan yara shi ko sun zo da kuɗinsu.

Na soyayya kuma ko ba a faɗa ba su suka fi fita a shagona, mata da 'yan mata har da magidanta masu cewa wai madam ce ta aiko su.

Malama Ummu Hanan, Tumfure:

Maman Sadiq ni maganar ƙanwarki ta fi tsaya min a rai fiye da hannun yaro. Targaɗe sati biyu ya warke, kuma yaro da kansa ya gane bango ba ya hawuwa, ba sai an sake gaya masa ba. Amma ita abin da ta ɗauka babu inda zai yi mata ciwo yanzu balle ta gane kuskure ne, sai ta shiga gidan wani.

Ina koyarwa a sakandaren 'yan mata kuma ina jin hirarsu lokacin tara. Ki lura da yawancin waɗannan na Indiya masu dogon zango, tsarin kusan ɗaya ne, namiji mai kuɗi mai girman kai, ya wulaƙanta yarinya, ya damƙe mata hannu ya fizgo ta, ya yi mata tsawa gaban mutane, ita kuma ta yi ta kuka tana haƙuri, can bayan efisod ɗari sai a nuna ashe duk so ne. Ana sa kiɗa mai taushi daidai lokacin da yake murɗe mata hannu, to yarinya 'yar shekara 17 me za ta fahimta? An koya mata cewa wulaƙanci ƙofar so ne, kuma haƙurinta ne zai gyara mugun namiji. Mu da muke zaune da matan da aka sako mun san ba haka abin yake ƙarewa ba.

Ban ce babu alheri ba fa. Ɗalibaina masu kallon na Koriya da rubutun Turanci a ƙasa karatunsu ya fi sauri, na gwada na gani a aji. Kuma su na Koriya yawanci efisod 16 ne an gama, marubucin ya san inda zai tsaya tun kafin ya fara. Shi kuwa Twist of Fate na Zee World tun 2014 aka fara shi a Indiya ya haura efisod 2,000, in labari ya ƙare sai a sa wani ya manta tunaninsa ko wanda ya mutu ya dawo ko a tsallake shekara ashirin a ci gaba da 'ya'yansu. Saɓanin da kiran waya ɗaya zai warware sai a yi wata uku ana jan sa. Kar ki hana ta da ƙarfi, za ta koma kallo a wayar ƙawaye inda ba kya gani. Ki zauna ku kalla tare, in an zo irin wurin nan ki tambaye ta, ke in mijina ya yi min haka a gabanki za ki ce so ne?

Amaryar Pantami:

Ni kam Malama ban yarda a tattara laifi duka a ɗora wa na soyayya ba gaskiya. Mu nan an taso namiji bai iya ce wa matarsa sannu da aiki ba, wani ma kunyar kiran sunanta yake. Maigidana da ya ga ina kallo tsaki yake yi, yanzu shi yake tambayata an sa Labarina kuwa, kuma wallahi ya canza, ranar da na yi zazzaɓi da kansa ya dafa min shayi ya zauna kusa da ni har na yi barci, abin da ban taɓa gani a gidanmu ba. Ba zan ce fim ne kaɗai ba amma ya ga ana yi bai ga an mutu ba. Kuma namu na Hausa irin su Daɗin Kowa ai rayuwarmu ce, kishiya, talla, ɗan da ya faɗa shaye-shaye, auren dole, ba gidan bene mai hawa uku da mace ta kwana da gwala-gwalai a wuya ba. Su masu tashi saman me yaro zai ɗauka, duk matsala a warware ta da naushi? Ni inda na fi jin haushin na soyayyar shi ne lefe da kayan ɗaki, 'yan mata sun ga falon fim sun ɗaga buri, iyaye na ta cin bashi.

Hamma na Tashan Dukku:

Amarya ba duka naushi ba ne, sau da yawa sai sun zauna sun yi lissafi da kimiyya kafin su gano lagon bos, akwai wani yaro a layinmu da dalilin haka ya ce shi sayins zai yi. Amma maganar buri kin yi gaskiya. Adda in za ki bar masa, ki sa a talabijin a falo, kar a waya cikin bargo, efisod ɗaya minti arba'in da 'yan kai ne, ɗaya a rana ya isa. Kuma ki nuna masa bidiyon yadda ake ɗaukar fim ɗin, akwai su a YouTube, ya ga ɗan wasan a tsaye yake gaban koren ƙyalle yana motsa hannu, gudun duk kwamfuta ce. Yaran da na nuna wa haka ba su daina son fim ɗin ba amma sun daina gwadawa.

Maman Sadiq, Jekadafari:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Malama na yi abin da kika ce daren jiya, da aka kawo wuta na ajiye aikina na zauna kusa da ita. Aka zo wurin da ya fizge wayarta ya buga da ƙasa don ya ga sunan wani, na ce mata ke in Baban Sadiq ya yi min haka fa? Ta ce Adda ai wallahi ni zan fara kiran Baffa a waya. Na ce to ita wannan ba ta da Baffa ne? Ta yi shiru ba ta ba ni amsa ba, har aka gama ba ta ƙara magana ba, ban matsa mata ba. Yau da safe tana shara ta ce min wai dama akwai wani da yake zuwa wurin ƙawarta yana duba mata waya kullum, wai in ba ta ba shi ba sai ya yi kwana uku ba ya kula ta. Ban sani ba ko ƙawar ce da gaske, zan bi a hankali. Hamma zan turo babansa shagonka da yamma ya karɓo bidiyon koren ƙyallen, hannun ya fara saɓewa amma har yanzu da hagu yake cin abinci.