Yaushe ya dace a sake ɗaukar tsohon fim?

Masu shirya finafinai da suka tattauna batun sun ce a fara gano abin da ya tsufa. In hoto ne ya dusashe ko sauti ke ƙara, kamar finafinan Kano na zamanin kaset, gyara ake yi: a nemo kaset na asali, a kwashe shi a kwamfuta, a tace. Sake ɗauka sai in labarin yana da abin faɗa wa 'yan yau.

Sannan izini a rubuce. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare fim shekara 50, waƙoƙin cikinsa kuma da nasu masu haƙƙin daban. Nan ake yawan rigima.

Kada sabon jarumi ya kwaikwayi muryar na da. Masu kallo za su gwada su, ya sha ƙasa.