Jirgi mai mita 6 zai iya shiga can cikin teku?

Mai Fatsa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ina kamun kifi a bakin gaɓa da ƙaramin jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi. Rannan iska ta taso, igiyar ruwa ta dinga buga ni har haƙorana suna karo. Yanzu na ga wani na faiba (wato wanda aka ƙera da roba mai haɗe da zaren gilas), mita 6, inji ɗaya. Zai kai ni kilomita 30 daga gaɓa?

Tsohon Matuƙi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin tsawo, leƙa gindinsa. Mai tsini sosai yana yanka igiyar ruwa, amma ya fi shan mai, kuma in ka tsaya jefa ƙugiya sai ya riƙa tangaɗi. Ni dai a wannan nisan ba na yarda da inji ɗaya. Injina ya taɓa mutuwa gab da magariba, ina kallon fitilun gaɓa suna ƙanƙancewa, ruwa na jana. Ka ƙara ko da ƙarami ne. Mai kuma ka kasa shi uku: na tafiya, na dawowa, na ajiya.

Uwar Anga: Malam, kada ka dogara da wayar hannu, sabis yana ɗaukewa. Sa rediyon VHF, wato na'urar da jiragen ruwa ke magana da juna da ita, tasha ta 16 ce ta neman agaji. Rigar ceto kuma a jiki, ba ƙarƙashin kujera ba.

Bakanike: Gishiri ne abin tsorona. Duk dawowa ka ɗauraye cikin injin da ruwan daɗi, ka duba tutiyar jikinsa, wato guntun ƙarfen da ruwan gishiri ke ci a maimakon injin, in ta cinye rabi ka sauya. Batir biyu, famfon kwashe ruwa biyu.

Mai Fatsa: Na gode ƙwarai. Baba, ƙaramin injin mai ƙarfin doki nawa kake ganin zai wadatar?